Zuwa Ikko Neman Fentin Ƙasan Jirgin Malam Bulus

Litinin: Kaduna zuwa Ilori

Na bar gidana a Unguwar Dosa ranar Litinin da ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Kayana ba su da yawa: jaka mai riguna biyu, da buta, da wani guntun katako mai tsawon taƙi biyu da na naɗe cikin tsohuwar takardar siminti. Saboda wannan guntun katako na yi tafiyar, don haka bari in faɗi asalinsa kafin mu kai tasha.

Sunana Sallau, sana'ata fenti, shekara ashirin da biyu ke nan. Rumfata tana bayan Babbar Kasuwa. Ina shafa gida, ina shafa bodin mota, ina rubuta allon shago, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa maido mini da aiki ba. Malam Bulus kuwa mutumin Kudancin Zariya ne, a Unguwar Sarki yake zaune. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da aikin kafinta a makarantar sana'a kafin ya yi ritaya. Mun san juna tun ina yaron wani, shi yana kawo mana kujerun makaranta mu shafa. Da ya huta da aiki, maimakon ya buɗe shagon gado da kabad kamar kowa, sai ya ce jirgin ruwa zai ƙera, irin wanda ba shi da inji, iska ke tura shi da ƙyallen da ake ɗaurawa a dogon sanda. Ya taɓa shiga irinsa a Ikko yana saurayi, abin bai fita ransa ba.

Shekara uku ya yi yana ƙera shi a tsakar gida, ƙafa goma sha shida, da katakon maɗaci. Mutanen unguwa har sun gaji da tambayarsa yaushe za a yi ruwan Ɗufana. Da ya gama, wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a jiragen teku ya aiko masa da galan guda na fentin ƙasan jirgi, mai hana gansakuka da katantanwa mannewa. Ni na shafa shi da hannuna. Aka ɗora jirgin a tifa aka kai sabon dam ɗin nan na hanyar Jos, farkon damina.

Watan farko jirgi ya yi gudu, na gani da idona daga bakin ruwa. Zuwa wata na huɗu ya zama kamar jakin da aka yi wa lodi. Ranar da Malam Bulus ya gayyato mutanen cocinsu da tsofaffin ɗalibansa su zo kallo, iska na kaɗawa sosai, amma jirgi ya ƙi tafiya. Da aka jawo shi tudu aka kifa, sai ga gansakuka ta yi masa gemu tsawon hannu, katantanwa sun yi sahu, fenti kuma yana saɓulewa kamar ɓawon dafaffen rogo. Malam Bulus ya duba ya ce, “Fentin na masu jirgi ne, mai shafawa kuma Sallau ne. To saura wa? Katakon ne bai bushe ba. Ni na yi gaggawa.” Tun daga ranar, wata shida, bai sake ɗaukar zarto ba. Daga baya matarsa, Mama Saratu, ta zo har rumfata ta gaya mini ya yi wa fasto alkawari bayan Ista zai farfasa jirgin a yi bencin coci da katakon. Na je na roƙe shi ya ba ni mako biyu in je Ikko in tambayi masu abin. Ya ce in je in ina da kuɗin motar zubarwa. Ya yanko mini guntu daga ƙasan jirgin, da fentin da busasshiyar gansakukar a jiki.

A tashar Mando na sami Fijo mai zuwa Ilori, naira goma sha biyu kujera. Direban wani Bazazzage ne, Ɗanladi, mai yawan surutu. Mun tashi ƙarfe shida da rabi. Tun kafin mu yi mil goma ya fara jan hanci.

“Wa ya sako mini bushasshen kifi a mota bai faɗa ba?”

Na ce, “Ba kifi ba ne, katako ne.”

“Katako? To Malam, katakon nan naka ya kamata a yi masa sutura.”

Aka yi dariya, aka mai da ƙunshina but. Mun isa Birnin Gwari ƙarfe takwas da minti ashirin, kamar mil saba'in da biyar daga Kaduna. Shayi da burodi kobo ashirin. A shingen sojoji na bayan gari wani kofur ya sa na kwance ƙunshin, ya juya katakon gaba da baya, ya ce me zan yi da shi a Ikko. Na ce asibiti zan kai shi. Ya dube ni, ya dubi Ɗanladi, ya ce mu tafi.

Tegina sha ɗaya saura kwata. Daga nan hanya ta lalace, ramuka sun yi yawa, zafin bazara kuma ya sauko da gaske. Mun yi faci sau ɗaya kusa da Bokani, minti arba'in a ƙarƙashin wata kaɗanya. Mokwa ƙarfe biyu da rabi, muka yi sallah, na ci shinkafa da miyar kifi kobo hamsin. A Jabba, muna kan gada, na leƙa na ga jiragen Nufawa a ƙasa suna kai da komo, baƙi ƙirin, babu mai ɗigon fenti. Na yi ta tunanin me ya sa nasu ba ya gemu. Mun shiga Ilori ƙarfe shida. Na sauka a zangon Hausawa, wani mai gidan baƙi ya ba ni tabarma a zaure, bai karɓi komai ba sai gaisuwa.

Talata: Ilori zuwa Agege

Ƙarfe shida na safe na shiga bas mai zuwa Badun, naira uku, mil ɗari. Ogbomosho, Oyo, duk garuruwan jan kwano, kuma idona na mai fenti bai ga rufi ɗaya da aka shafa yadda ya kamata ba. Mun isa Badun sha ɗaya. Na sake mota zuwa Ikko, naira biyu da sule biyar, ta sabuwar hanyar da aka buɗe bara. Mil tamanin muka cinye cikin awa ɗaya da rabi, sannan muka yi awa biyu a cunkoson bakin gari ba mu yi mil biyar ba.

A Agege na sauka, gidan ƙanin mahaifina, Alhaji Mu'azu, mai fataucin goro. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ya ce, “To me ke tafe da kai? Ba ka taɓa zuwa ba sai yau.”

Na gaya masa.

“Fenti? Duk fentin Kaduna ya ƙare ne?”

“Baffa, wannan na ƙasan jirgi ne.”

“Ƙasan jirgi wa ke gani? Kifi?”

Na ce ai kifin ma sun gani sun raina. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce akwai wani tsoho Banufe da yake sayen goro a wurinsa, Baba Ndagi, wanda ya tsufa yana shafa jirage a Apapa. In ma akwai wanda ya san wannan shirme, shi ne.

Laraba: Apapa

Na fita ƙarfe shida da rabi. Bas biyu na shiga, a tsaye, kobo talatin gaba ɗaya, na isa Apapa tara da kwata. Ban nemi Baba Ndagi da farko ba. Na ce a raina shekara ashirin da biyu ina sayen fenti, ba sai an riƙe mini hannu ba. Na tambayi layin da ake sayar da kayan jirgi aka nuna mini, na shiga kantin da ya fi girma.

Mai kantin Bayarabe ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya jera mini gwangwani uku a kan kanta. Na farko shuɗi, ya nuna mini allon da aka gwada shi, yana ƙyalli, da tauri kamar tangaran. Na biyu ja mai duhu, marar ƙyalli, in ka shafa yatsa a allon sai ya bar maka ja a hannu. Na uku babba, da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, ya ce wannan shi ne sarki, manyan jiragen ƙarfe ke shan sa, ko me ya taɓa shi sai ya mutu. Shi ya fi tsada, naira arba'in da biyu galan.

Jan nan ko kallo na biyu ban yi masa ba. Fentin da ke bin yatsa, a Kaduna ko bangon makewayi ba za a yarda ka shafa wa mutum ba. Raina ya rabu tsakanin shuɗin da mai ƙoƙon kai. Shuɗin ya yi mini kyau, amma na ce tun da gansakuka ta kunyata mu a gaban jama'a, gara in kai mata wanda zai gama da ita har jikokinta. Na sa hannu a aljihu ke nan sai na tuna katakon da ke hammatata. Fenti ko na zinariya ne, in katako ya ƙi shi, aikin banza ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta kawo ni. Na ce wa mai kanti zan dawo.

Na sami Baba Ndagi wajen sha ɗaya da rabi, a wani fili a bakin ruwa inda ake jawo ƙananan jirage tudu don gyara. Gajeren tsoho ne, fari fat a kai, farcensa duk sun rine ja. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Kaduna. Da na ce daga gidan Alhaji Mu'azu nake, ya kifa wani bokiti ya ce in zauna. Na miƙa masa goro biyar, na kwance katakon.

Ya ciro wuƙa ya kankare fentin, ya ƙwanƙwasa katakon a kunnensa, ya fere gefe ɗaya ya shinshina, har ya ɗan ciza.

“Wa ya zaɓi wannan katako?”

“Mai jirgin, Baba. Kafinta ne. Ya ce bai bushe ba, shi ya sa fenti ya ƙi zama.”

“Wannan? Wannan ya fi ni bushewa. Dubi, ruwa ko kaurin farce bai shiga ba, bayan wata huɗu babu abin kare shi. Wanda ya zaɓi wannan ya san katako.”

Wallahi daɗi ya kama ni, har na ji kamar in kama hanya a lokacin. Sai ya ɗauki ɓawon fentin da ya kankare ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗaga kai.

“Wa ya shafa?”

Na gyara zama na ce ni ne.

“Yaya ka yi?”

Na ba shi labari dalla-dalla, da muryar wanda ya san aikinsa. Na ce da na buɗe gwangwanin na tarar ya daɗe a ajiye, wani guggubi mai nauyi ya kwanta a ƙasa, ya kai yatsa uku, tauri kamar yumɓu. Na tsiyaye na sama, na tace shi sau biyu da ƙyallen gidan sauro yadda maigidana ya koya mini, na ƙwaƙule guggubin na zubar a kwata. Da na ga abin da ya rage ba zai isa ba, na cika da jan fentin kwano mai kyau, na sassauta da kananzir don buroshi ya yi gudu. Shafi uku na yi, na bar shi kwana goma a rana ya bushe ƙayau, sannan na bi shi da samfefa mai laushi har yana ɗaukar ido.

Baba Ndagi ya saurare ni har na gama. Sai ya kira wasu ma'aikata biyu da ke kankare wani jirgi, ya ce in sake faɗa. Ya fassara musu da Yarbanci. Ɗaya ya ajiye abin kankararsa ya riƙe ciki don dariya.

“Ɗana,” in ji Baba Ndagi, “abin da ka zubar a kwata, shi ne fentin. Garin jan ƙarfe ne. Shi ne maganin. Na sama da ka tace ruwa ne kawai da ke riƙe shi. Ka zubar da maganin ka shafa wa jirgi launi.”

Na rasa inda zan sa idona sai a kan katakon da ke tsakaninmu. Wata shida dattijo na zaune a Unguwar Sarki yana zargin hannunsa, ni kuwa kullum in na je gaishe shi har haƙuri nake ba shi, ina cewa kowane gwani yakan yi kuskure.

Tsohon bai ja abin ba. Ya ce in tashi mu je kantin, amma a hanya sai na amsa masa tambayoyi. Jirgin katako ne ko ƙarfe? Katako. A ruwa yake kwana ko a tudu? A ruwa, damina duka. Ruwan gishiri ko na daɗi? Na daɗi. Yana gudu ko a kwance yake? A kwance, dam ne. Na tambaye shi jiragen Nufawa da na gani a Jabba, ya ce waɗancan kullum suna cikin aiki, ruwa mai gudu na wanke su, masu su na jan su bisa yashi. Jirgin da ke zaune wuri ɗaya a ruwa mai ɗumi shi gansakuka ke so.

A kantin na nuna masa mai ƙoƙon kai na ce shi na yi niyya.

“Wannan dam ɗin naku, ana shan ruwansa?”

Na ce daga can ake sako wa Kaduna ruwa in kogi ya janye, kuma masunta sun kafa bukkoki a bakinsa.

“To ajiye shi. Wannan don teku aka yi shi, don wasu ƙananan koɗi masu cin ƙarfe da ba ku da su. Mu da ke shafa shi sai mun ɗaure hanci, duk da haka mu kwana muna tari. Ba za ka kai wa masu kamun kifi wannan ba saboda gansakuka.”

Na ce to shuɗin fa?

“Na jiragen tsere ne, masu shiga ruwa da safe a fito da su da yamma a goge su. Kana da mai goge muku ƙasan jirgi kowane mako?”

Babu. Ya tura mini jan nan marar ƙyalli, mai bin yatsa, wanda na raina. Ya ce bin yatsan shi ne aikinsa: yana zuba kaɗan-kaɗan a cikin ruwa, kullum sabon magani na fitowa sama, har damina ta wuce, baɗi a sake. Ya sa mai kanti ya ɗauko mai sauƙin magani, na ruwan daɗi, da wani gwangwani na fentin shimfiɗa mai ruwan azurfa da ake fara shafawa a kan tsuran katako. Galan ɗaya na jan, naira ashirin da shida. Na shimfiɗar naira goma sha ɗaya. Na ɗaga jan na ji nauyinsa ya kusa ninka na fentin gida.

Sannan ya kafa mini dokoki a bakin kantin, yana nuna ni da jan farcensa. A kankare tsohon fenti duka sai katako ya fito. Shimfiɗa biyu. Jan kuma a juya shi da sanda sai hannu ya gaji, kuma ana shafawa ana juyawa. Ba tacewa. Ba kananzir. Ba samfefa. A shafa da kauri, ko ya yi muni. A bakin ruwa za a yi aikin, domin in an gama shafi na biyu yau, gobe jirgi ya shiga ruwa. In ya daɗe a rana maganin ya mutu.

Na ce, “Baba, duk abin da na sani ke nan ka hana ni.”

Ya ce, “Ka san fentin da ake yi don ido. Wannan ba don ido ba ne.”

Alhamis: Agege

Na wuni a gida. Da la'asar na gaya wa Alhaji Mu'azu abin da ya faru. Ya gama gyara ganyen goron da ke hannunsa, sannan ya ce, “Shi dattijon ya san ka tace?”

“Bai sani ba. Yana coci ranar da na buɗe gwangwanin.”

“To ka kai masa sabon fenti, ka ce an duba katako lafiya lau, wancan fentin ne ya tsufa. Ai ba ƙarya ka yi duka ba. Sana'arka ce abincinka, Sallau.”

Gaskiya shawarar ta zauna mini a rai, don na san in maganar ta shiga layinmu na bayan kasuwa, sai na mutu ana kirana mai tace fenti. Amma in na ce fentin ne ya tsufa, laifi ya koma kan ɗalibin da ya aiko shi kyauta daga nesa.

Juma'a da Asabar: Komawa

Na bar Agege ƙarfe biyar da rabi na asubahin Juma'a. Yaran mota sun so su jefa gwangwanayen a but tare da buhunan garin rogo, na hana, na ɗora su a tsakanin ƙafafuna har Ilori. Na sami sallar Juma'a a can, na sake kwana a zauren nan. Asabar ƙarfe shida muka tashi a wata Fijo, naira goma sha biyu da sule biyar, wai sulen na nauyin gwangwani ne. Jabba bakwai da rabi, Mokwa takwas da kwata, Tegina sha biyu. A shingen Birnin Gwari na tarar da kofur ɗin nan na ranar Litinin. Ya gane ni.

“Mai katako! Yaya mai jiki?”

Na ce likita ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau.

“To wa ke ciwon?”

Na ce wanda ya kai shi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana sanda.

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna na shirya maganar da zan faɗa ta kai kala biyar, kowacce da inda na rage wa kaina laifi. Mun shiga tashar Mando ƙarfe biyar saura minti goma. Na ɗauki tasi, kobo talatin. Da direba ya tambaye ni ina, na ji bakina ya ce Unguwar Sarki. Na san in na fara zuwa gida na yi wanka na ci tuwo, shawarar Baffa ce za ta ci.

Na tarar da Malam Bulus a kan kujerarsa a tsakar gida, da rediyo a gefe. Mama Saratu na tsince shinkafa a ƙofar kicin. Ta kawo mini ruwa, muka gaisa. Na ajiye gwangwanayen a gabansa, na ɗora katakon a kai.

“Ka dawo da gawar,” in ji shi.

Na ce, “Malam, katakonka ya bushe. Wanda ya tsufa a aikin jirgi ya duba, har cizawa ya yi. Ya ce wanda ya zaɓe shi ya san katako.”

Ya kashe rediyon.

“To me ya faru?”

Na faɗa masa, ba kala ɗaya daga cikin biyar ɗin da na shirya ba. Guggubin, da gidan sauron, da kwata, da fentin kwano, da kananzir. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Na ce ni na ɓata masa jirgi, ni na sa aka yi masa dariya a gaban mutanensa, ya yafe mini.

Ya ɗauki guntun katakon ya juya shi, ya bi wurin da Baba Ndagi ya fere da babban yatsa. Ina jira ya zage ni, da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi. Sai ya juya wajen matarsa.

“Saratu, kin ji? Ya bushe.”

Ta ce, “Na ji, Baban Talatu.” Ta sa gefen zane ta share ido, sannan ta juyo kaina. “Kai kuma Sallau, wata shida mutumin nan ba ya cin abinci sai na yi da gaske. Wata shida! Kana zuwa nan kana shan mini kunu.”

Malam Bulus ya ɗaga mata hannu, ya ce gobe bayan sujada a coci ta tuna masa ya ga fasto, a nemi katakon benci a wani wuri. Ya ɗaga gwangwanin jan ya ji nauyinsa, ya ajiye shi a ƙarƙashin kujerarsa.

“Kai za ka shafa,” ya ce mini. “Ba ni da wani mai fenti. Amma ni zan buɗe, ni zan juya.”

Na isa gidana a Unguwar Dosa ana kiran magariba, na tarar da iyali lafiya.

Mun yi aikin a bakin dam, kwana huɗu, jirgi ya shiga ruwa ranar Juma'ar da ke kafin Ista. Ban taɓa yin aiki mai muni kamarsa ba, duk sawun buroshi, babu ƙyalli ko kaɗan. Yau wata uku ke nan, kuma Asabar da ta wuce Malam Bulus ya zura hannu ƙarƙashin jirgin bai shafo komai ba sai ɗan santsi da ja a yatsa.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Baffa Alhaji Mu'azu da ya sauke ni, da mai zauren Ilori, da Baba Ndagi, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam Bulus bai gaya wa kowa a kasuwa ba, ni ne na faɗa yanzu da kaina. A kwana huɗun nan da muka yi a bakin ruwa, ko fitsari zai je sai ya rufe gwangwanin ya tafi da shi a hannu, kuma ban ga laifinsa ba.